Jawabi A Kan Sayen Gona A Ƙauye

Muna gode wa Allah da ya tara mu lafiya, ya kuma nuna mana lokacin da magidanci ya kan ɗauki takarda ya karanta da kansa, ba sai ya nemi mai karanta masa ba.

Kai mai karatu, maganar da za mu yi yau ta shafi aljihunka da rumbunka. Ka sani a birnin Zazzau, da zarar mutum ya tara 'yan kuɗi, ko maɗinki ne, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, sai abokan zaure su ce masa, "Malam, nemi gona a ƙauye ka saya, ƙasa ba ta ruɓewa." Wannan magana akwai gaskiya cikinta. Amma mun ga wanda ya bi ta ya ji daɗi, mun kuma ga wanda ya bi ta ya ƙare a gaban alƙali, babu kuɗin, babu gonar. Saboda haka bari mu ɗora abin a ma'auni, mu duba ko wane gefe a hankali, sa'an nan ka yi wa kanka hukunci.

Birni Da Gona

Tun asali mutumin birnin Zazzau manomi ne. Magabata da su ka gina ganuwa ba su matse ta a jikin gidaje ba, sai su ka kewaye fili mai yawa, domin ko abokan gaba sun tsare ƙofofi a sami wurin shuka a ciki. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya zo Zariya cikin 1826, ya kuwa ba da labarin gonaki da manyan itatuwa da ya gani a cikin ganuwa. Sarakuna da masu sarauta su na da rumada a ƙauyuka, inda bayi ke noma a na kawo musu hatsi. Talaka kuwa ya kan fita da asuba ta Ƙofar Gayan, ko ta Ƙofar Kona, ko ta Ƙofar Kuyambana, ya yi aikinsa, ya komo gida kafin azahar.

Yanzu fa zamani ya juya. Filayen cikin ganuwa galibinsu sun zama gidaje, na bakin ƙofa kuma an yanka su fuloti. Jirgin ƙasa ya iso Zariya cikin 1911, Sabon Gari da Tudun Wada su ka kafu, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin 1962, gari ya yi ta cin gona. Wanda ke son noma yau sai ya yi nisa, wajen Soba, ko Giwa, ko Kudan, ko Maƙarfi. Kakanka da ƙafa ya kan je gonarsa, kai kuwa sai da kuɗin mota. Riƙe wannan bambanci a zuciyarka, don shi ne gindin maganarmu duka.

Amfanin Da Ke Ciki

Amfani na fari shi ne abinci. Magidancin da ke da buhunan masara da dawa a ɗaki, in hatsi ya yi tsada cikin damina, barcinsa ya ke yi. Dattawa ba su manta farin 1973 ba, matasa kuma sun ga yadda abinci ya hau bayan an janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023. A waɗannan lokatai mai rumbu ya fi mai albashi kwanciyar rai.

Na biyu, gona ma'aji ce. Kuɗin takarda in ka ajiye su a akwati, abin da za su saya maka bana ya fi abin da za su saya baɗi. Ga kuma 'yan'uwa, wannan ya zo da biki, wancan ya zo da rance, kafin ka farga sun narke. Gona kuwa ba a gutsurarta a kai gudummawa, ɓarawo ba ya saɓa ta a kafaɗa, gobara ba ta cinye ta.

Na uku, ƙasar Zazzau ƙasar albarka ce. Ruwan sama ya kan sauka tun daga watan Mayu har Oktoba, ya fi na Kano da Katsina yawa da daɗewa. Tudu ya na karɓar masara, da dawa, da waken soya, da auduga. Fadamun Galma da na Kubanni su na ba da tumatir da albasa da barkono da rani, ƙasar Maƙarfi da Kudan kuwa ta shahara da rake da mazarƙwaila. Ga kuma masana a kusa. Tun 1922 aka kafa wurin binciken aikin gona a Samaru, gonar dabbobi ta Shika kuma tun 1928, har yanzu kuwa daga nan a ke fid da ingantaccen iri.

Na huɗu, in gonar ta na kan hanyar da gari ke bi, darajarta ta kan ninka. Dubi Hanwa. Cikin 1966 ƙauyen manoma ce, har masu bincike su ka zaɓe ta don su ga yadda a ke noman ƙauye. Yau ta zama unguwa, gida na jingine da gida. Amma ka lura, ba ko wane ƙauye ne Hanwa ba. Akwai gonakin da aka saya da wannan fata, shekara ashirin ta wuce, gari bai ko waiwaye su ba.

Bayan waɗannan akwai abin barin gado, da wurin koya wa yara aiki, da ladan ciyad da mutane da dabbobi. Ba abin rainawa ba ne. To, mun cika gefe guda na ma'auni, sai mu juya ɗayan.

Me Ka Ke Saye?

Mutane da yawa su na zaton in sun biya kuɗi ƙasa ta zama tasu har ƙarƙashin ƙasa ta bakwai. A wajen doka ba haka abin ya ke ba, kuma ya kamata ka san tarihinsa.

Tun zamanin jihadi malamai sun yi rubutu a kan hukuncin ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. A al'ada kuwa baƙo ya kan je wurin dagaci ya roƙi daji, a nuna masa, ya sare, ya zama nasa muddin ya na nomawa. Gona ta kan shiga hannun mutum ta gado, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko saye.

Turawa sun ci Zariya cikin 1902. Cikin 1910 su ka yi doka cewa ƙasar Arewa duka ta na hannun Gwamna, ya riƙe ta amana don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan cikin 1962. Sa'an nan cikin watan Maris 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ga Nijeriya baki ɗaya, ita ce kuwa ke aiki har yau. Dokar ta ce ƙasar ko wace jiha ta na hannun Gwamnanta. Filin birni Gwamna ke ba da izninsa. Filin ƙauye kuwa ƙaramar hukuma na da ikon ba da iznin riƙo irin na gargajiya, har kadada 500 don noma, ko kadada 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Kuma ba a sauya hannun wannan izni sai hukuma ta yarda.

Watau abin da ka ke saye shi ne iznin riƙo da amfani. In gwamnati ta bukaci wurin don aikin jama'a, kamar hanya, ko makaranta, ko bututun gas irin wanda aka soma shimfiɗawa daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano cikin 2020, ta na da ikon karɓa. Diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce, kamar gini, da rijiya, da itatuwa, da shukar da ke tsaye. Wanda ya sayi fili ya bar shi saura, ya na jiran ya yi tsada, shi ne ya fi kowa hasara ran da aka zo awo.

A Jihar Kaduna ofishin da ke riƙe da rajistar filaye shi ne KADGIS, wanda aka kafa zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Kafin ka biya ko kwabo, je ka tambaya ko wurin ya na cikin gandun daji na gwamnati, ko makiyaya, ko an riga an ba wani takardarsa. Bayan ciniki kuma ka nemi takardar shaidar mallaka da sunanka. Akwai ɗawainiya da kashe kuɗi a ciki, sai ka lissafa su cikin kuɗin gonar tun da fari.

Wa Ke Sayarwa?

Nan ne mafi yawan masu saye su ke faɗawa rami. Galibin gonakin ƙauye na gado ne, da yawa kuwa ba a raba su ba. Uba ya rasu ya bar gandu, babban ɗa ya ci gaba da noma, har mutanen gari su ka saba cewa gonar wane. Alhali kuwa akwai ƙanensa da ke Legas, akwai 'yan'uwa mata a gidajen aure, akwai marayun wani da ya rasu. Ko wannensu Allah ya yanka masa rabonsa. In babban ɗan nan ya sayar maka, rabonsa kaɗai ya sayar, ko da ya rantse maka duka tasa ce.

Ga kuma wani hukunci na mazhabar Malikiyya da a ke kira shuf'a. In mutane sun yi tarayya a kan ƙasar da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar wa bare da rabonsa, sauran su na da ikon su biya baren kuɗin da ya bayar su karɓe. Ka ga ke nan, ka na iya share gona, ka zuba mata taki, sa'an nan sammaci ya iske ka.

Akwai kuma wanda aro aka ba ubansa, ko jingina, aka daɗe har aka manta, shi kuwa ya tashi ya na tsammani gado ce. Akwai marar tsoron Allah da ke sayar wa mutum biyu gona guda. Dillali kuwa la'adarsa ya ke nema, in an shafa fatiha ya karɓa ya tafi, ba shi za a kira gaban alƙali ba.

Maganin wannan duka ba a yin sa daga zaure a birni. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Tashi ka je garin. Ka gai da mai unguwa da dagaci, ka tambaye su asalin gonar, wa ya sare ta, wa ya gada. Ka nemi maƙwabtan gona na gabas da yamma, kudu da arewa, ku taka iyaka tare da su. In ta gado ce, ka ce sai an nuna maka shaidar rabo, ko kuwa magada duka su hallara, maza da mata, ko wakilansu. Ka kawo safiyo ya auna, a kafa turakun siminti, don itacen da aka yi iyaka da shi a na iya sare shi. Kadada guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, watau wajen eka biyu da rabi. Kada ka yarda da awon ido.

Sa'an nan a rubuta. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu wajen ciniki ta sauka. Ga ranar karatunka ta zo. A da, sai a miƙo maka takarda ka dangwala yatsa, ba ka san abin da ke ciki ba. Yanzu kuwa karanta da kanka, baƙi bayan baƙi. Ka ga sunan mai sayarwa, da sunanka, da iyakoki huɗu, da yawan kuɗi, da kwanan wata, da sunayen shaidu. Ka duba ko an ambaci itatuwa, gama a waɗansu wurare a kan sayad da gona, amma ɗorawa da kaɗanya da ke cikinta su zauna na mai su na fari. In ka ga kalmar da ba ka gane ba, kada kunya ta hana ka tambaya.

Ƙasar Kanta

In ka ji gona da araha ƙwarai, tambayi dalili, don ruwa ba ya tsami banza. Manomi ba ya rabuwa da gonarsa mai kyau sai dole, in kuwa ya na da biyu, gajiyayyar zai fara sakewa.

Dillalai sun fi son kai mai saye da rani, lokacin da ko wace gona ta yi fes, ba a bambanta mai rai da matacciya. Kai kuwa je ka cikin watan Agusta ko Satumba, shuka na tsaye. In ka ga dawa ta tsumbure, ga wani ɗan haki mai jan fure a gindinta, wannan ƙuduji ne, waɗansu su na ce masa wuta-wuta. Saiwarsa ta kan kama saiwar dawa da masara ta tsotse su, irinsa kuma ya kan kwanta cikin ƙasa shekaru da yawa ya na jira. Yawansa alama ce ƙasa ta gaji. Dubi kuma tofa, wadda fid da ita ke cin ƙarfin ma'aikata. Dubi fako da marmara, inda garma ba ta shiga. Dubi inda ruwa ke bi, ko zaizaya ta soma cin gefe. In fadama ce, tambayi tsofaffi iyakar inda ambaliya ta kan kai, ka kuma komo cikin watan Maris ka ga ko akwai sauran ruwan ban ruwa.

Tambayi kuma ina burtali ya bi, ina mashayar shanu ta ke. Mutane sun cinye burtaloli da yawa da noma, wanda ya sayi irin wannan wuri kuwa ya sayi rigima da makiyaya, ko da takardarsa ta cika. Gona kusa da burtali ba aibu ba ce in an zauna lafiya, har ma a kan yi shiri da Fulani su kwana da shanu a ciki da rani don taki. Amma gona a kan burtali, ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode.

Nisa Da Lissafi

Yanzu mun komo kan bambancin nan da na ce ka riƙe. Kuɗin saye sau ɗaya a ke biyansu, kuɗin noma kuwa ko wace shekara. Akwai sharar gona, da huɗa, da iri, da takin zamani, da maganin feshi, da noman fari, da maimai, da girbi, da casa, da buhuna, da dako. Manomin ƙauye ya na yin rabin waɗannan da hannunsa da na 'ya'yansa. Kai ɗan birni ko wanne sai ka biya.

Wani masani mai suna David Norman, wanda ya yi aiki a Samaru, ya bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, cikin 1966 da 1967, ya na rubuta aikinsu. Cikin abin da ya gano akwai cewa babban abin da ke ƙuntata wa manomi shi ne hannun aiki a lokacin noman ciyawa, wajen Yuni da Yuli. A wannan lokaci kowa na kan gonarsa. Ɗan ƙwadago sai ya gama tasa, ko ta wanda ke tsaye a kansa, kana ya zo taka. Ciyawa kuwa ba ta jiran mai gona ya sami hutun aiki. Mako biyu na jinkiri ya isa ya rage maka amfani.

Bari mu yi misali, ba don haka lissafin ko wace gona ya ke ba, sai don ka ga yadda a ke yi. A ce mutum biyu sun sayi gona, ko wanne ya na fatan buhu 20 na masara. Na fari tasa na kusa, ya kan hau keke ya je bayan sallar asuba. A ce taki da iri da magani sun ci kimanin buhu 7, 'yan ƙwadago buhu 4, dako buhu 1. Zakka kuwa buhu 2 ce, don abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma a ke fitarwa, na ban ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin. Ya tsira da buhu 6, ga kara da harawa.

Na biyu tasa na da nisa, sai wata-wata ya ke leƙawa, ya bar wa wani amana. An yi noma a makare, takin da ya aika ba duka ya shiga ƙasa ba, sai gonar ta ba da buhu 14. Abin da ya kashe bai ragu ba, ga kuɗin mota da na mai tsaro sun ƙaru. In ya fid da zakka, sai ya ga babu abin da ya rage, watakila ma ya ci uwar kuɗi. Ƙasarsu iri ɗaya ce, ruwan sama ɗaya, sawun mai gona ne ya bambanta su. Zuwa da kai ya fi aike.

Ko wanda ya tsaya a kan gonarsa ma ba ya da tabbas. Cikin 2016 wata tsutsa ta cinye tumatir a Jihar Kaduna har gwamnati ta yi shelar ta-ɓaci. Cikin 2025 kuma farashin masara ya faɗi alhali taki na da tsada, manoma da yawa ba su mai da kuɗinsu ba. Saboda haka wanda ya kwashe jarinsa duka ya sayi gona, bai bar na noma ba, ya yi kamar wanda ya sayi doki ba ya da kuɗin dusa. Kuma ka sani gona ba ta sayuwa da gaggawa. Ran da ciwo ya zo da dare, tunkiya ta fi ta saurin zama kuɗi.

Zaman Lafiya

Akwai wata magana mai nauyi da ba ta kamata a ɓoye ba. Cikin shekarun nan 'yan bindiga sun addabi yammacin ƙasar Zazzau da Birnin Gwari. Cikin watan Maris 2022 an kai hari ƙauyukan Giwa, aka kashe mutane da yawa. An sace manoma a gonakinsu, waɗansu ƙauyuka sun watse, waɗansu sai da su ka biya kafin a bar su su girbe abin da su ka shuka. A ƙarshen 2024 an yi sulhu a Birnin Gwari har aka sake buɗe kasuwar shanu, muna roƙon Allah ya ɗorar da lafiya. Amma mai saye ya tambayi halin da wuri ke ciki a wannan damina da a ke ciki, daga bakin mazauna wurin. Ka tambaya ko mutanen garin su na kwana a gidajensu, ko su na noma gonakinsu na nesa. Baƙo mai zuwa da mota ya fi kowa fitowa fili. Babu amfanin gonar da ya kai ran mutum.

Haƙƙin Mai Sayarwa

Saura abu guda, shi kuwa tsakaninka da Allah ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fid da littafinta cikin 1972. Ta nuna yadda matalauta ke sayad da gonakinsu ga masu hali saboda matsi, daga nan su koma 'yan ƙwadago, 'ya'yansu su tashi babu gandu. Wanda ke miƙo maka gonar ubansa, sau da yawa bashi ne ya kore shi, ko ciwo, ko auren 'ya. Ciniki halal ne, amma kada ka matse shi don ka ga ya rasa mafita. Biya shi abin da gonar ta cancanta. In ya na so, bar shi ya ci gaba da aiki a cikinta bisa sharaɗin da ku ka rubuta. Mutumin da ka kyautata wa shi zai tsare maka iyaka ran da ba ka nan. Game da jingina kuma, tambayi malaminka tukuna, gama malamai sun yi magana mai tsanani a kan cin amfanin gonar da aka riƙe saboda rance.

Abin Da Ma'auni Ya Nuna

To, mai karatu, ga gefe biyu a gabanka. Shawarata ita ce, ka auna gona da ƙafarka kafin ka auna ta da kuɗinka. In wuri ne da za ka iya zuwa ko wane mako cikin damina ka komo lafiya, ko ka na da ɗa ko ƙane da zai zauna a kai, in asalinta ya fita sarai a gaban dagaci da magada, in kuma bayan ka biya akwai sauran abin da za ka yi noman shekara biyu da shi ba tare da ka taɓa jarin sana'arka ba, to, saya, Allah ya sa albarka. Kadada guda da ka ke takawa ta fi goma da ka ke jin labarinsu.

In ɗayan waɗannan ya rasa, kada ka yi gaggawa. Karɓi haya ko aro a garin da ka ke so, ka noma damina ɗaya ko biyu. Cikin wannan lokaci za ka san ƙasar, ka san mutanen, su ma su san ka, ka kuma san ko jikinka da sana'arka za su ɗauki wannan ɗawainiya. In ka ga ba za ka iya ba, hasarar shekara guda ka yi, ka tsira da dukiyarka. In kuwa ka iya, mutanen garin da kansu za su zo su gaya maka ran da gona ta gari ta fito.

Ka karanta wa abokan zaurenka wannan jawabi, ku yi shawara a kai, wanda ya taɓa saye ya faɗi abin da ya gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Amin. Wassalamu alaikum.